Lotus Seven: Motar da Mai Ita Ke Haɗawa da Hannunsa

A shekarar 1957 wani ƙaramin kamfani da ke unguwar Hornsey a arewacin Landan ya fito da wata mota wadda ba ta da ƙofa, ba ta da rufin kirki, kuma ma'ajiyar kayanta ba ta wuce ta ɗaukar jaka guda ba. Kujeru biyu ne a cikinta, an dasa su ƙasa ƙwarai har direba na iya miƙa hannu ya taɓa kwalta. Nauyinta wajen kilo 500 ne, wato kimanin sulusin motar iyali ta yau. Sunanta Lotus Seven. Har gobe ana ƙera ta a Ingila da sunan Caterham, kuma wanda ya san ta farko ba zai kasa gane ta yanzu ba.

Motocin da aka ƙera tare da ita, manya da ƙanana, yawancinsu sun zama kayan gidan tarihi. Abin da ya raya wannan shi ne tun ranar farko an tsara ta ne a kan cewa mai ita zai ɗauki wani kaso na aikin masana'anta. Shi zai haɗa ta, shi zai kula da ita, kuma shi zai yanke shawarar abin da za a ƙara mata da abin da za a bari. Saboda haka tarihin motar ya zama tarihin wani irin mai mota, wanda ya san abin hawansa kusa bayan kusa.

Tsofaffin Austin da ɗalibin injiniya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya tana cikin ƙunci. Ana raba man fetur da kati har zuwa 1950, kuma yawancin sababbin motoci waje ake kai su don ƙasar ta sami kuɗin musaya. Abin da ya rage wa matasa masu sha'awar tsere shi ne tsofaffin Austin Seven, wata 'yar ƙaramar mota mai injin da bai cika lita ɗaya ba, wadda aka daina ƙerawa a 1939. Sukan saye ta da araha, su kwaɓe mata bodi, su ɗora nasu mara nauyi. Akwai ƙungiyar da ta haɗa irin waɗannan mutane, mai suna 750 Motor Club, wadda ke shirya musu gasa da ƙa'idoji masu tsauri game da girman inji.

Cikinsu akwai Colin Chapman, ɗalibin injiniya a Jami'ar Landan, wanda ya haɗa motarsa ta farko daga tsohuwar Austin a 1948. A 1952 ya kafa kamfanin Lotus a wata tsohuwar bargar dawaki da ke bayan otal ɗin da mahaifinsa ke gudanarwa. Darasin da ya ɗauko daga waɗannan gasanni mai sauƙi ne. Idan ƙa'ida ta hana a ƙara girman inji, hanyar da ta rage ita ce a rage abin da injin ke ja.

Wannan lissafi yana da faɗi fiye da yadda ake zato. Ƙarin ƙarfin inji yana amfani ne a miƙaƙƙiyar hanya kawai. Rage nauyi kuwa yana amfani a wajen tashi, da wajen taka birki, da wajen shan kwana. Sannan yana haifar da wani ragin. Mota mara nauyi ƙananan birki sun ishe ta, da siraran tayoyi, da ƙaramin tankin mai, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sake rage mata kaya. Ga mai ita, wannan na nufin tayoyi da birki suna daɗewa, kayan gyara kuma ba su da tsada, domin na ƙananan motocin kasuwa ne.

A kan wannan tunani aka gina Seven. Ƙwarangwal ɗinta siraran bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda cikin siffar kusurwa uku-uku, aka lulluɓe da fallayen alminiyam. Injin da aka fara sa mata na Ford ne, mai ƙarfin doki wajen 40. A motar iyali wannan ƙarfi abin dariya ne, amma a jikin Seven ya isa ya ba manyan motoci kunya a hanya mai kwane-kwane.

Yadda haraji ya mayar da mai saye makanike

Tun 1940 Birtaniya ke karɓar wani harajin saye mai nauyi a kan kayan da ake ɗauka na jin daɗi ne, har da sababbin motoci. Sai dai dokar ta bar wata kafa. Harajin bai hau kan kayan mota da aka sayar a warwatse ba, muddin mai saye ne zai haɗa su da kansa. Lotus ta shiga ta wannan kafa. Haɗaɗɗiyar Seven ta farko fam 1,036 ce da haraji, a warwatse kuwa fam 536. Ba abin mamaki ba ne da yawancin masu saye suka zaɓi akwatuna da sifana. Dokar ta kuma hana kamfani ba da takardar yadda ake haɗawa, har ana ba da labarin cewa Lotus takan ba da takardar yadda ake kwancewa, mai saye ya karanta ta daga ƙarshe zuwa farko.

Abin da aka yi don kauce wa haraji sai ya haifar da wata al'ada. Mutumin da ya ɗaura aksil da hannunsa, ya ja wayoyin wuta, ya zuba wa birki mai, ba ya jin tsoron buɗe motarsa idan ta yi wani sauti baƙo. Ya san inda kowane noti yake, domin shi ya ɗaure shi. Kayan da ke jikinta ma aro ne daga motocin da ke kowane lungu: inji daga Ford ko Austin, sitiyari da ƙafafun gaba daga Morris ko Triumph, aksil na baya daga Standard. Duk shagon kayan gyara da ke garin yana da abin da ake nema.

A wannan zamani ne kuma littafin gyaran mota na gida ya samo asali. John Haynes yana ɗan makaranta ya rubuta ɗan littafi a kan yadda ya sake gina tsohuwar Austin Seven, kuma a 1966 ya fitar da jagoran gyara na farko a jerin da ke ɗauke da sunansa, a kan wata ƙaramar motar wasanni mai suna Austin-Healey Sprite. Hanyarsa ita ce a kwance mota gaba ɗaya, a ɗauki hoton kowane mataki. Littattafan nan sun shiga garejin miliyoyin gidaje.

Kuɗin da rashin nauyi ke karɓa

Rashin nauyi yana da nasa farashi, kuma mai mota ne ke biya da kulawa. Abin da aka ƙera daidai da bukata ba shi da rarar da za ta rufe sakaci. An ga haka a fili a 1960, lokacin da Lotus ta fitar da zubi na biyu na Seven. Don rage kuɗin ƙira an cire wasu bututu daga ƙwarangwal ɗin, kuma an yi amfani da aksil na wata ƙaramar motar Standard. Da injin farko babu matsala. Amma a daidai wannan lokaci aka fara sa mata injinan Ford da kamfanin Cosworth ya ƙara wa ƙarfi, kamfanin da tsofaffin ma'aikatan Lotus biyu, Mike Costin da Keith Duckworth, suka kafa a 1958. Ga kuma tayoyi masu riƙe ƙasa da suka shigo kasuwa. Sai bututu suka fara tsagewa a mahaɗarsu, kwanson aksil yana fashewa yana zubar da mai. Masu motocin suka koma yi wa aksil walda da farantin ƙarfe, suna mayar da bututun da kamfani ya cire.

Sauran ayyukan kulawa ba su da hayaniya, amma su ne ke raba motar da ta shekara hamsin da wadda ta ruɓe. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, idan ruwa da gishirin da ake zubawa a hanyoyin Ingila lokacin sanyi suka shiga tsakani, sai ƙarafan biyu su riƙa cin juna. Yashi kan taru a lungun da ke gefen ƙafafun direba, ya riƙe laima, bututu ya yi tsatsa a ɓoye a bayan fallen da ke ƙyalli. Akwai kuma wata mahaɗa ta tagulla a ƙasan ƙafar gaba, wadda aka aro daga Triumph, da ke bukatar mai a kai a kai. Idan ta bushe, zaren ƙarfen da ke cikinta na iya karyewa, tayar gaba ta kwanta. Duk wanda ya daɗe da irin wannan mota ya san rigakafi ya fi magani, kuma yawancin aikinsa wanki ne, da dubawa, da zuba mai.

Shekarar 1973

A farkon 1973 Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai, kuma a watan Afrilu ta soke harajin saye ta kawo sabon haraji wanda ya hau kan kaya ko a haɗe ko a warwatse. Kafar da Seven ta rayu a cikinta ta toshe. Ita ma Lotus a lokacin ta riga ta ci gasar duniya ta Formula One sau da dama, tana son a san ta da motoci masu tsada, ta gaji da sunan mai sayar da mota a akwati. Bayan ta ƙera kimanin 2,500, sai ta sayar da haƙƙin ƙirar ga Graham Nearn, dillalinta da ke garin Caterham, kudu da Landan.

Da a ce rangwamen haraji ne kaɗai ke sayar da motar, da nan labarin ya ƙare. Amma masu saye suka ci gaba da zuwa, kuma da yawansu suka ci gaba da neman ta a warwatse, domin haɗawar ta riga ta zama rabin abin da suke biya. Nearn ya fara da zubi na huɗu, mai bodin faiba, wanda Lotus ta fitar a 1970. Bai daɗe ba ya koma zubi na uku na 1968 mai fallayen alminiyam, ya ƙarfafa ƙwarangwal ɗinsa. Wannan siffa ce ake gani har yau.

Daga nan yawancin ci gaban motar ƙarewar kayan aro ce ta tilasta shi. Da aksil na Ford Escort ya yi wuya, aka koma na Morris. Da shi ma aka daina ƙera shi, a tsakiyar shekarun 1980 Caterham ta tsara sabon tsarin ƙafafun baya wanda ya ɗauke nauyin giyar aksil daga kan tayoyi ya ɗaure ta a jikin mota, abin da ya sa tayoyin suka fi bin ƙasa a hanya mai gargada. Injinan Ford na dā suka ba da wuri ga na Vauxhall, sannan a farkon shekarun 1990 aka kawo injin Rover da ake kira K-series, wanda aka yi da alminiyam gaba ɗayansa.

Wannan inji ya dace da motar ƙwarai saboda rashin nauyinsa, amma ya yi suna da ƙona gaskit na tofsilinda. Ruwan da ke zagaya shi kaɗan ne, saboda haka ɗan yoyo ya isa ya sa shi zafi, kuma 'yan turakun da ke daidaita tofsilinda a kan inji na roba ne a wasu shekarun. Masu motoci da ƙananan gareji suka yaɗa maganin a tsakaninsu: turakun ƙarfe, da gaskit mai fallaye da yawa, da sauya wurin na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya. Kamfanin Rover ya durƙushe a 2005, amma injinansa na ci gaba da aiki a jikin dubban motoci saboda wannan ilimi bai mutu tare da shi ba.

Ƙari da ragi

Duk mai irin wannan mota wata rana zai ji sha'awar ƙara mata wani abu, kuma abin da ya faru da zubi na biyu gargaɗi ne a gare shi. Mota sarƙa ce. Wanda ya ƙara ƙarfin inji ya ɗora wa kuloci da giya da aksil kayan da ba a auna su da shi ba, ya kuma ƙara zafin da lagireto zai kwashe. Wanda ya sa tayoyi masu riƙe ƙasa sosai zai sha kwana da saurin da zai tura baƙin mai gefe guda na kwanon inji, famfo ya zuƙi iska, inji ya yi 'yan daƙiƙu babu mai. Maganin wannan shi ne tankin mai na daban da ƙarin famfo, wato ƙarin kuɗi da ƙarin nauyi. Ta haka ne garin neman ƙiba akan samo rama.

Lissafin nauyin ma ya fi tsanani a nan. Kilo 25 a jikin motar kilo 500 kashi biyar cikin ɗari ne, alhali a motar kilo 1,500 bai kai kashi biyu ba. Mafi muni shi ne nauyin da ke ƙasa da sifirin, wato taya da garenta da birki, domin shi ne shokazoba ke fama da shi a kowane rami. Manyan garen taya da ake sawa don ado sukan lalata tafiyar motar da aka tsara a kan ƙanana. Shi ya sa gogaggun masu motar ke bin wani jeri: a fara mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta, a sabunta robobin mahaɗa da shokazoba da man birki, a daidaita tsayuwar tayoyi, a sami tayoyi masu kyau, direba ya koyi tuƙi a filin tsere, sai a ƙarshe a taɓa inji.

Kamfanin da kansa ya mayar da wannan jeri tsari. A 1995 ya buɗe wata gasa ta sababbin shiga wadda daga baya aka sa wa suna Caterham Academy, inda kowa ke tuƙa mota iri ɗaya da injin da aka rufe da hatimi, kuma da yawa daga cikin masu shiga su ke haɗa motocinsu a gida. Wanda ba shi da damar ƙara ƙarfin inji dole ya koyi auna iskar taya da taka birki a kan lokaci. A wani gefen kuma, sauƙin ƙirar ya jawo masu kwaikwayo. Caterham ta kai kamfanin Westfield kotu a ƙarshen shekarun 1980, har ya sauya siffar motarsa. A 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ya nuna yadda za a yi wa ƙwarangwal irin wannan walda a gida, a ɗora kayan tsohuwar Ford Escort, da kuɗin da ya ce zai iya zama fam 250 kacal. Motocin da aka haɗa ta wannan hanya, da ake kira Locost, sun bazu ƙasashe da dama.

Amsar Japan da amsar Lotus

Sauran ƙananan motocin wasanni na Birtaniya ba su yi irin wannan sa'a ba. Dokokin Amurka na hayaƙi da na kariya daga haɗari sun sa MGB ta sami manyan bamba na roba a 1974, aka ɗaga ta sama, ƙarfinta ya ragu. A 1980 aka rufe masana'antarta da ke Abingdon. Giɓin da ta bari Mazda ce ta cike shi. Wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke, Bob Hall, ya kawo wa Kenichi Yamamoto na Mazda shawarar a farfaɗo da irin wannan mota, kuma a watan Fabrairun 1989 aka baje kolin MX-5 a birnin Chicago. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injinta lita 1.6 ne, kuma injiniyoyinta a ƙarƙashin Toshihiko Hirai sun ɗauko takensu daga maharba a kan dawaki na Japan: doki da mahayi su zama jiki ɗaya.

MX-5 ta zo a haɗe, tana tashi kowace safiya, ba ta zubar da mai. Duk da haka ta bar wa mai ita ƙofa a buɗe, domin komai nata a sarari yake, ana kwance shi da sifana ta yau da kullum. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, kuma wannan yawa ya sa kayan gyaranta suka yi araha har aka gina gasanni a kanta. Ita ma babban abokin gabanta tsatsa ce, wadda ke farawa idan magudanan ruwan rufinta na yadi suka toshe, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin ƙofa.

Lotus kuwa ta koma ga tunanin Chapman, wanda ya rasu a 1982, da motar Elise a 1996. Nauyinta kilo 725 ne, kuma ƙwarangwal ɗinta na alminiyam, wanda aka haɗa da gam maimakon walda, kilo 68 ne kacal. A nan rashin nauyi ya kai wani matsayi da ya fara fita daga hannun mai mota. Bututun Seven idan ya lanƙwashe, mai walda zai yanke shi ya sa wani. Ƙwarangwal ɗin Elise idan ya bugu sosai, yawanci sai dai a sauya shi ɗungurungum.

Abin da ya rage

Motocin yau sun yi nauyi saboda dalilai masu kyau: jakar iska, da ƙarafan kariya, da na'urorin tace hayaƙi, yanzu kuma ga batiran lantarki masu ɗaruruwan kilo. Sun fi tsaro nesa ba kusa ba, kuma babu mai gardama cewa Seven ba wurin da mutum zai so ya kasance ba ne idan babbar mota ta yi karo da shi. Amma tare da nauyin an sami rufi. Yawancin gyara yanzu sai da kwamfutar da ke magana da manhajar kamfani, har ta kai ana muhawara a majalisun Turai da Amurka a kan ko mai abu yana da haƙƙin gyara abinsa.

Ƙananan motocin wasanni sun nuna cewa abin da ke tsawaita ran mota shi ne kayan gyara da ke samuwa da mutanen da suka san yadda ake sa su. Wasu kamfanoni sun fahimci haka. Tun 1988 ake sake buga sabon bodin MGB da ainihin injinan da aka yi na farko da su. A 2017 Mazda ta buɗe shirin sabunta MX-5 ta farko a Japan, ta koma ƙera wasu kayanta da suka ƙare. A 2021 wani kamfanin Japan, VT Holdings, ya sayi Caterham, kuma a wannan shekara aka fitar da Seven 170, mai injin Suzuki da bai kai kashi biyu cikin uku na lita ba da nauyin kilo 440.

Har yanzu mai saye a Birtaniya na iya neman ta a warwatse. Babbar mota za ta sauke masa ƙwarangwal da akwatuna a ƙofar gida, wannan karon da littafin haɗawa da ake karantawa daga farko. Idan ya gama, doka ta tanadi cewa sai jami'in gwamnati ya duba birki da fitilu da kowace mahaɗa kafin a ba motar lamba.